Wasiƙar masu haraji ta iso shago: ta ina ake fara haɗa takardun VAT?

MaiFenti_ƘofarRuwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da shagon fenti da kayan famfo a Ƙofar Ruwa, ni da yara biyu. An kawo mini wasiƙa daga hukumar haraji ta tarayya, wai za su zo duba takardun VAT, wato harajin da ake ɗorawa kan kayan sayarwa, na 2022 zuwa 2024. Sun jero abin da suke so: bayanin asusun banki na shekarun gaba ɗaya, littafin ciniki, rasitan sayen kaya, da shaidar abin da na biya. Rajista ina da ita, na yi ta ne lokacin da na nemi wata 'yar kwangilar fentin makaranta aka ce sai da TIN, wato lambar mai biyan haraji. Akwai yaron da ke cike mini takardun VAT na wata-wata, ina ba shi ɗan abin sayen kati. Littafin cinikinmu irin na 'yan makaranta ne, rasitai kuma suna cikin kwali a sito. Wanda ya taɓa shiga wannan hali, ta ina ake farawa? Kuma da gaske ne suna iya garƙame shago ranar da suka zo?

Dogo_SabonGari:
Wa alaikumus salam. Alhaji, kafin ka taɓa kwalin nan, ɗauki wasiƙar ka kai ofishin da aka rubuta a samanta, ka tambaya ko daga wurinsu ta fito. A layinmu wasu sun taɓa zuwa da riguna masu tambari da kwaɗo a hannu, suka ce ko a biya nan take ko su rufe. Mutum uku suka ba su kuɗi. Da shugaban layi ya ce su zo a tafi ofis tare, sai suka ce za su je su dawo. Har yau muna jiransu.

TsohonAkanta:
Maganar Dogo daidai ce. Wasiƙar gaske tana da lamba, da sunan ofishin da fayil ɗinka yake, kuma ba ta cewa ka ba wani kuɗi a hannu. Harajin tarayya ta banki ake biyansa, ka samu shaida.

Batun rufe shago, kwantar da hankalinka. Ranar dubawa ranar dubawa ce. Za su ga takardu, su yi tambayoyi, su tafi. Daga baya su kira ka zaman daidaita lissafi, su nuna maka abin da suka gano. In ba ku daidaita ba su aiko da takardar kimantawa, kana da kwana 30 ka rubuta ƙin amincewa tare da hujjarka. In suka ƙi sauyawa akwai kotun ɗaukaka ƙarar haraji, ta shiyyarmu tana zama a Kaduna. Sai mutum ya yi watsi da duk waɗannan matakai, bashi ya tabbata a kansa ya ƙi biya, sannan ake maganar kwaɗo.

Inda za ka fara kuwa banki ne. Je ka karɓi bayanin kowane asusu da kuɗin shago ke shiga, daga Janairun 2022 zuwa Disambar 2024, mai hatimin banki. Abin da mai dubawa zai fara yi shi ne ya tara duk kuɗin da ya shigo, ya ajiye shi kusa da cinikin da ka bayyana a takardun wata-wata. Bambancin da ya gani, a wurinsa ciniki ne da ka ɓoye, har sai ka nuna masa ba haka ba ne.

MaiFenti_ƘofarRuwa:
Na gode Baba. To ai nan gizo ke saƙa. Asusu ɗaya ne gare ni. Ƙanina da ke Saudiyya ta nan yake turo kuɗin ginin gidansa, adashin 'yan layi ni ke riƙewa, na sayar da wani fili a 2023 shi ma nan kuɗin ya shiga.

TsohonAkanta:
Ba kai kaɗai ba ne, rabin kasuwa haka take. Aikin da ke gabanka shi ne ka zauna da bayanin bankin da biro mai launi, layi-layi. Duk kuɗin da ba na ciniki ba ka ja masa layi, ka rubuta a gefe ko na mene ne, sannan ka nemo masa takarda. Fili: takardar cinikin da kuka sa wa hannu da shaidu. Kuɗin ƙaninka: saƙonnin da ya turo, da rasitan siminti da rodi da ka saya masa, don a ga kuɗin ya shigo ya fita ta hanyar ginin. Adashi: littafin zubi mai sunaye da ranar kwasa. In ka taɓa cire kuɗi daga asusun ka sake mayar da su, shi ma nuna, don kada a ƙirga shi sau biyu. Wanda ba ka da takardarsa, rubuta bayaninsa duk da haka. Bayani a rubuce ya fi “wallahi ba ciniki ba ne” a baki.

Gaskiya_Ɗaci:
Duk wannan dogon turanci ne. Ka nemi wanda ya san su, a ba su na goro, magana ta mutu. Haka kowa ke yi.

HajiyarKwari:
@Gaskiya_Ɗaci ba kowa ba. Kuma wanda ya ci goron yau gobe an sauya masa wurin aiki, fayil kuwa yana nan a kwamfuta, wanda ya gaje shi ya buɗe ya ga ba a rufe shekarun ba. Ka biya sau biyu ke nan, na farkon ma ba rasit.

Ɗalibin_Doka:
Ina ga akwai tambayar da ya kamata a fara yi. Alhaji, cinikinka na shekara ya kai nawa? Dokar kuɗi ta 2019, wadda ta ɗaga VAT daga kashi 5 zuwa 7.5 tun 1 ga Fabrairun 2020, ita ce kuma ta ce wanda cinikinsa bai kai naira miliyan 25 a shekara ba, ba dole ne ya karɓi VAT ko ya cike takardun wata-wata ba. Sabbin dokokin da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025, suka fara aiki Janairun 2026, sun ma ɗaga adadin sama sosai. Wataƙila ba ka cikin lissafin tun farko.

TsohonAkanta:
Ɗana, ka kawo magana mai kyau, amma a yi hattara da abu biyu. Na farko, shekarun da za a duba 2022 zuwa 2024 ne, da tsohuwar doka za a auna su. Sauƙin da sabuwar ta kawo na gaba ne. Na biyu, miliyan 25 ɗin ciniki ne, ba riba ba. Raba shi gida 365, za ka samu kusan naira dubu 70 a rana. Mai sayar da fenti da bututu a Ƙofar Ruwa, bokitin fenti nawa ne dubu 70?

MaiFenti_ƘofarRuwa:
A'a, na wuce nan nesa. Ko a watan da kasuwa ta yi sanyi.

Ɗan_Singa:
Ni abin da har yau bai shiga kaina ba: kamfani ya riga ya caje ni VAT lokacin da na sari kaya, yana nan a rubuce a takardarsu. Don me kuma za a ce in sake biya? Haraji biyu a kan kwali ɗaya?

Malam_Lissafi:
@Ɗan_Singa ba biyu ba ne in takardunka sun cika. Bari mu yi da fentin Alhaji.

Ya sari fenti na dubu 100, kamfani ya ɗora 7,500, ya biya 107,500. Ya sayar a dubu 120, ya ɗora kashi 7.5, wato 9,000, mai saye ya ba shi 129,000. Abin da zai kai wa hukuma shi ne 9,000 a cire 7,500 da ya riga ya biya. Saura 1,500. Shi ke nan. Kuɗin mai saye ne ya bi ta hannunsa.

Yanzu ga yadda abin yake a kasuwa. Ba wanda ke ɗora komai, don maƙwabcinka bai ɗora ba, in ka ɗora mai saye ya wuce gaba. Ka sayar a dubu 120 cif. A lissafi, harajin yana cikin wannan dubu 120 ɗin: ka ninka da 7.5 ka raba da 107.5, ya ba ka 8,372. In kana da takardar kamfani mai nuna 7,500, abin da ake binka 872 ne. In ba ka da ita, 8,372 ne gaba ɗaya, daga ribar 12,500. Ka ga takarda guda ta cinye fiye da rabin ribar.

Shi ya sa nake cewa Alhaji, kwalin nan na sito kuɗi ne a ciki. Kuma ranar zaman daidaitawa ka lura da yadda suka lissafa. In suka ɗora kashi 7.5 a saman kuɗin da ya shigo banki, ka nemi a lissafa shi a matsayin yana ciki, tunda ba ka karɓi ƙari daga kowa ba. A kan miliyoyi bambancin ba kaɗan ba ne.

Ɗan_Singa:
Allah ya saka Malam. Sai yau.

BabanKhalifa:
Matsalar ita ce rabin kayanmu ba daga kamfani muke sara ba. Daga hannun dila ne, shi kuma takardar da zai ba ka guntun kwalin sigari ne ya rubuta adadi a baya. Ba suna, ba TIN, ba komai.

Malam_Lissafi:
Wannan ba za ta rage maka haraji ba, gaskiya. Takardar da ake karɓa sai mai sunan mai sayarwa, da lambar harajinsa, da kwanan wata, da VAT a rubuce daban. Amma kada ka jefar da guntun kwalin, yana nuna cewa kaya sun shigo da kuma nawa aka saye su. Manyan dilolin da ke da rajista kuwa, in ka koma ka roƙa, da yawansu za su buga maka kwafin takardun baya daga kwamfutarsu. Alhaji ya fara da waɗanda ya fi sara a wurinsu.

Gaskiya_Ɗaci:
Ko kuma ya je wurin masu buga kati a buga masa littafin rasit, a cike na shekara uku a dare ɗaya. Wa zai sani?

TsohonAkanta:
Za su sani. Rasitan shekara uku da biro ɗaya, rubutun hannu ɗaya, takarda fara fes ba ko ɗigon fenti, lambobi a jere babu wanda aka soke. Na ga an kawo irinsu a gabana lokacin ina aiki. Bayan haka, kamfanin da ka rubuta sunansa shi ma yana cike nasa takardun, ana iya dubawa a ga ko ya sayar maka. Rashin takarda sakaci ne, ana biyan tara a wuce. Takardar jabu laifi ne daban, kuma tana buɗe ƙofar da take a rufe: a ƙa'ida shekara shida ake komawa baya, amma in an samu zamba babu wannan iyakar. Alhaji, littafinka na 'yan makaranta, da maiƙonsa da gogensa, ya fi sabon littafi daraja a idon mai dubawa. Kada ka sake kwafe shi. In kana son tsabta, a shigar da abin da ke ciki a kwamfuta wata-wata, a ajiye na asalin kusa.

Uwar_Biyu:
Abu ɗaya da ba a faɗa ba. 'Yan takardun da POS ke fitarwa, da rasitan manyan shaguna masu santsi, rubutunsu gogewa yake yi. Ni a gwangwanin madara nake tara nawa a kan kanta, inda rana ke bugawa da yamma. Da na buɗe don haɗa lissafi, na ƙasa duk sun zama farare, sai ɗan inuwar lamba in ka ɗaga su sama. Alhaji ka buɗe kwalinka yau, wanda ake iya karantawa a yi masa hoto ko kwafi. Na POS kuma kamfanin da ya ba ka na'urar zai iya ba ka bayanin shige da fice gaba ɗaya, kamar na banki.

YaronShago_01:
Iyayenmu a yi haƙuri in sa baki. Maigida ya tambayi yaransa ko akwai cinikin da ya shiga asusunsu. Lokacin ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, da manhajar banki ke ƙin tafiya, mu a shagonmu lambar asusuna ake ba masu saye, da yamma in tura wa maigida a dunƙule. A bayanin bankinsa sunana kawai za a gani, kamar ni na ba shi kyauta.

TsohonAkanta:
Madalla da wannan yaro. Irin wannan ciniki ne, a sa shi cikin ciniki. Kada a ja masa layi tare da adashi.

Gaskiya_Ɗaci:
Ni fa tambayata, duk wannan wahala don me? Mu biya zakka, mu biya na ƙaramar hukuma, mu biya na jiha, mu biya na shara, mu sayi man janareto, mu haɗa kuɗin 'yan sintiri. Kwatar layinmu mu muka yashe ta da kuɗinmu. Ina VAT ɗin yake zuwa?

Ɗalibin_Doka:
Abuja ake tara shi a raba duk wata. A tsohon tsari tarayya kashi 15, jihohi 50, ƙananan hukumomi 35. A sabon, tarayya ta koma 10, jihohi 55. Wato mafi yawansa gida yake dawowa, gwamna da shugaban ƙaramar hukuma za ka tambaya. Rigimar da aka yi ta yi ke nan tun 2021, da babbar kotun tarayya a Fatakwal ta ce jihar Ribas ce ke da ikon karɓa, gwamnanta na lokacin, Wike, ya sa hannu a dokar jiha, Legas ta bi sahu, kotun ɗaukaka ƙara ta ce kowa ya tsaya inda yake. Haka kuma a ƙarshen 2024 gwamnonin Arewa suka taru a Kaduna suka ƙi tsarin rabon da aka fara kawowa.

Dogo_SabonGari:
Su 'yan Kudu kullum maganarsu a nan ana fasa kwalaben giya amma ana karɓar kason harajinta.

BabanKhalifa:
Su kuma ba sa faɗin cewa hatsi da tumatir da shanun da muke kai musu babu VAT a kansu, kuma a tsohon tsari katin wayar da aka saya a Kano a hedikwatar kamfani a Legas ake rubuta harajinsa. Kowa ɓangaren da ya yi masa daɗi yake ɗauka.

Abu_Sumayya:
Ni ina da shakku a kan halaccin abin ma baki ɗaya. Malamai sun yi magana a kan karɓar dukiyar mutane ba da haƙƙi ba.

HajiyarKwari:
Malam, malamai sun yi magana ta fuska fiye da ɗaya, kuma nan ba zauren fatawa ba ne. Ko ka yarda ko ba ka yarda ba, bawan Allah yana da wasiƙa a hannu.

Mai_Kula_da_Zaure:
Jama'a a dawo kan tambaya. Mai son muhawarar rabon arziki ya buɗe nata daban.

Bamaraɗe:
Gaisuwa daga Maraɗi. Ku gode Allah da 7.5 ɗinku, mu nan TVA, wato VAT ɗinmu, kashi 19 cikin ɗari ne. Kuma an kawo muna tsarin rasit na na'ura mai shaidar ma'aikatar haraji, abin da ka buga suna gani. Manyan 'yan kasuwa sun yi ta ƙorafi da farko. Abin da na koya wajen masu dubawa namu, ka ba su abin da suka tambaya, shi kaɗai. Kada ka zuba musu duk takardun gidanka a tebur don nuna gaskiya.

Malam_Lissafi:
Mu ma tsarin rasit na na'urar yana tafe, an fara da manyan kamfanoni a 2025. Shawararka ta ƙarshe kuwa ta yi. A ƙara da cewa duk takardar da za su tafi da ita a ba su kwafi, a rubuta jerin abin da aka ba su, su sa hannu.

Ɗan_Singa:
To mu masu kayan masarufi fa? Shinkafa da man girki da fulawa an ce babu VAT, sabulu da lemon kwalba akwai. Ni kuwa duk a littafi ɗaya nake rubutawa, “ciniki yau kaza”.

TsohonAkanta:
Naka ya fi na Alhaji wuya. Shi kusan duk kayansa masu haraji ne. Kai kana da kaso babba da ba a ɗora wa komai: hatsi, fulawa, man girki, gishiri, madara, burodi. Amma in littafinka bai raba ba, mai dubawa ba zai raba maka don Allah ba. Abin da ke ceton irinku shi ne takardun sari. In sun nuna cewa kaso kaza na abin da ka saya a shekara shinkafa ce da mai, kana da hujjar cewa kaso kaza na cinikinka ma haka ne. Daga gobe ka ja layi a tsakiyar shafi, dama kayan abinci, hagu sauran.

HajiyarKwari:
Bari in faɗi yadda tawa ranar ta kasance, ko zai rage wa Alhaji fargaba. Mutum biyu suka zo, namiji da mace, da kwamfuta a jaka. Sun nuna katin aiki ba tare da na tambaya ba. Na ba su benci a cikin shago, ɗana mai karatun akanta ya zauna da su. Tambayar farko ba ta takarda ba ce: yaya kuke ciniki, wa ke karɓar kuɗi, asusu nawa ne, akwai wani sito ban da wannan. Macen ta ɗauki wata guda, ta zaɓi ranaku kaɗan a ciki, ta ce a nuna mata cinikin ranar a littafi, sannan a nuna mata inda kuɗin ya shiga banki. Wata rana littafi ya ce dila biyu na atamfa sun fita amma banki shiru. Bashi ne, mai kayan ɗan Gaidam ne, sai bayan sallah ya biya. Da ba don littafin bashi ba da ban san me zan ce ba, kuma da kuɗin nasa ya shigo daga baya sai a sake ƙirga shi sabon ciniki. Don haka littafin bashi ma ka fito da shi.

Na kawo musu ruwa da lemo, sun sha ruwan. Abinci kuwa sun ce a'a. Kuma ka gaya wa yaranka, in an tambaye su abin da ba su sani ba su ce a tambayi maigida. Yaro don ya burge baƙo sai ya ce “ai mu a rana muna yin miliyan biyar”.

Uwar_Biyu:
Hajiya wannan na ƙarshen ya ba ni dariya, wallahi kamar kin san nawa yaron.

BabanKhalifa:
Alhaji, kwangilar makarantar nan da ka ambata, ka same ta? In ta gwamnati ce, ai su suke cire VAT tun daga tushe kafin su biya ka, har da wani kason na daban. Nemi shaidar cirewar a wurin akantan ma'aikatar. In ba haka ba kuɗin kwangilar zai bayyana a bankinka a sake cajin ka a kansa.

MaiFenti_ƘofarRuwa:
Na same ta, kuma tabbas an cire, don abin da ya shigo bai kai abin da aka rubuta ba. Zan bi.

Ga inda ake. Na je ofis kamar yadda Dogo ya ce, wasiƙa tasu ce. Na rubuta takardar neman ƙarin lokaci, an karɓa an buga mata hatimi, an ɗan ɗaga ranar. Amma akwai sabuwa. Na sa an buɗe mini shafina na TaxPro-Max, wato inda ake cike takardun haraji ta intanet, sai na ga yaron nan watanni da yawa “babu ciniki” yake cikewa, wasu watannin ma bai cike komai ba. Na kira shi, ya ce ai haka ake yi don kada in biya da yawa.

Dogo_SabonGari:
Inna lillahi. Shago a buɗe, alat na shigowa kullum, takarda na cewa babu ciniki. Ai shi ya jawo maka wasiƙar.

TsohonAkanta:
Na yi zargin haka tun da ka ce “ɗan abin sayen kati”. To, a fuskanci abin yadda yake. Hukuma kai ta sani, sunanka ne a rajista.

Watannin da ba a cike ba: takardar kowane wata ana shigar da ita kafin 21 ga watan da ke biye. A dokar da ta shafi waɗannan shekaru, tarar rashin shigarwa dubu 50 ce a watan farko, dubu 25 kowane wata bayansa. Harajin da ba a kai ba kuma akwai kashi 10 a kansa, da kuɗin ruwa. Watannin “babu ciniki” sai an gyara su.

Shawarata, ka karɓe lambobin sirrin shafin daga hannun yaron yau, ka sauya su. Ka nemi akanta mai lasisi, ɗan ƙungiyar ƙwararru irin su ICAN ko ANAN ko CITN, ka tambaye shi lambarsa ta ƙungiya. Ku fitar da lissafin gaskiya wata-wata: ciniki kaza, harajin da ke ciki kaza, wanda aka biya wajen sari kaza, saura kaza. Ka san adadin kafin su gaya maka nasu. In da hali ka biya wani abu daga uwar kuɗin kafin ranar, ka rubuta musu cewa kai ka gano kuskuren. Sannan ka nemi sassaucin tara da biya kashi-kashi, a rubuce. Ba alkawari nake maka ba cewa za a yafe, amma wanda ya zo da lissafinsa a hannu ba a yi masa kallon wanda aka kamo.

Ɗalibin_Doka:
Baba, a nan ina da ja kaɗan. In ya biya kafin a zauna, bai amsa laifi da kansa ba? Ni da zai jira su kawo adadinsu, sannan ya yi jayayya a kan abin da bai yarda da shi ba. Wataƙila ma nasu ya fi nasa ƙanƙanta.

TsohonAkanta:
Nasu daga jimillar banki zai fara, da kuɗin fili da na ginin ƙaninsa a ciki. Ba zai fi nasa ƙanƙanta ba. Kuma kuɗin ruwa ba ya jiran a gama jayayya.

Malam_Lissafi:
Ni ina tsakiya. Ya yi lissafin, wannan ba makawa. Biya kuwa ya bari akantan ya ga takardun sari nawa aka iya tattarowa tukuna, don kada ya biya fiye da abin da ake binsa. Karɓo rarar kuɗi daga hannun hukuma ba ƙaramin aiki ba ne.

Gaskiya_Ɗaci:
Da bai yi rajistar ba tun farko da yanzu yana barcinsa. Maƙwabtansa da ba su da TIN wa ya aiko musu wasiƙa?

HajiyarKwari:
Da kuma bai samu kwangilar ba. Yanzu ma asusun kasuwanci a banki sai da lambar haraji, barcin ba mai tsawo ba ne.

Abu_Sumayya:
Shi yaron fa, haka za a ƙyale shi? Wataƙila shaguna nawa yake yi wa wannan aikin a layin.

MaiFenti_ƘofarRuwa:
Ɗan maƙwabcina ne, ba zan kai shi ko'ina ba. Amma na faɗa wa mutum biyu da na san yana yi musu, su buɗe shafinsu su duba. Ɗaya ya ce shi bai ma san akwai lambar sirri ba.

Gobe in sha Allahu zan buɗe asusu na biyu, in mayar da adashi da kuɗin ƙanina can. Tambaya ta ƙarshe: akantan nan, nawa ya kamata in ba shi, kuma a kan aikin gaba ɗaya ake yin ciniki ko wata-wata?

Uwar_Biyu:
Ku yi ciniki biyu. Na gyaran shekarun baya da zama da masu dubawa daban, na wata-wata daban. Kuma ka sa a cikin sharaɗi cewa duk wata zai turo maka shaidar shigarwa a waya. Kada ka yarda da wanda zai ce a ba shi kaso daga abin da ya “rage” maka.

Ɗan_Singa:
@Malam_Lissafi don Allah in ka samu sarari ka ɗauki hoton yadda ake ja wa littafin layi ka sa mana a nan. Ni gida nawa zan yi, huɗu ko biyar?

Malam_Lissafi:
Shida: kwanan wata, kaya, mai haraji, marar haraji, hannu ko banki, bashi. Zan sa hoton bayan isha'i.